Yadda Ake Auna Sayuwar Hannun Jarin Uwar Kamfani Idan Ta Sayar da Kaso a Reshenta

Duk lokacin da wani babban kamfani ya sanar cewa zai sayar da kaso a ɗaya daga rassansa, tambaya ɗaya ce ke dawowa daga masu karatu a Kano, 'yan Kwari ne ko 'yan Singa ko ma'aikatan da suka zuba giratutinsu a kasuwar hannun jari: mu da muke riƙe da na uwar kamfanin, mu ƙara ne, mu zauna, ko mu fita? Kusan kowa farashi yake kallo. Abin da ake mantawa shi ne sayuwa, wato ko za ka iya mayar da hannun jarinka kuɗi ranar da kake so ba tare da ka karyar ba. Ɗan kasuwa ya san wannan sarai: shadda mai tsada tana iya yin wata uku a kanta ba a taya ba, atamfa mai araha kuwa ta ƙare kafin azahar. Sayar da kaso a reshe yana iya sa hajar uwar ta ƙara tafiya, yana kuma iya jawo mata kwantai. Ga yadda ake ganewa da lissafi.

Kayan aikin ba su da yawa: asusu wajen dillalin da ke da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, lambar CHN ɗinka, wato lambar shaidarka a CSCS, kamfanin da ke ajiye hannayen jari da kammala ciniki, waya ko kwamfuta mai intanet, littafi ko shafin Excel, sai rahoton kuɗi na ƙarshe na uwar kamfanin. Jerin farashin kullum da sanarwar kamfanoni duk suna shafin NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, kyauta.

1. Tabbatar uwar tana kasuwa

Da yawa suna ɗauka duk sunan da suka sani ana cinikinsa. Dangote Cement da Dangote Sugar da NASCON suna kan NGX, amma uwarsu Dangote Industries ba ta kasuwa. Haka BUA Cement da BUA Foods. Uwar MTN Nigeria tana kasuwar Johannesburg ne a Afirka ta Kudu, ta Airtel Africa kuma tana Indiya. A nan gida, kamfanin Northern Nigeria Flour Mills da ke Bompai yana kan NGX, alhali uwarsa Flour Mills of Nigeria ta fice daga kasuwar a ƙarshen 2024 bayan mai kaso mafi tsoka ya saye na ƙananan masu jari. Iyayen da za ka iya saya da naira su ne irin Transcorp da UACN da kamfanonin da ke riƙe da bankuna. Idan uwar ba ta kan NGX, sauran matakan nan ba su shafe ka ba, reshen kawai za ka duba.

2. Karanta sanarwar da kanka, ka gane irin sayarwar

Kada ka tsaya kan abin da aka turo a WhatsApp. Buɗe takardar da kamfanin ya miƙa wa NGX, ka nemi amsa uku: wa zai karɓi kuɗin, kashi nawa uwar za ta rage da shi, kuma wa zai saya.

Akwai sayarwar da uwa ke fitar da hannun jarin da ke hannunta ta sayar wa jama'a. Kuɗin aljihun uwar yake shiga. Irin ta ce MTN Group ta yi a Disambar 2021, inda ta fitar da hannun jari miliyan 575 na MTN Nigeria a kan naira 169 kowanne. Akwai wadda reshen ne ke ƙirƙirar sababbin hannayen jari, kuɗin ya shiga wajensa, kason uwar ya ragu ba tare da ta karɓi ko sisi ba. Akwai sayarwa ga mutum ɗaya ko kamfani ɗaya, kamar yadda UACN ta sayar wa Custodian Investment kashi 51 cikin 100 na reshenta UPDC a 2020. Sai kuma shigar da reshe kasuwa ba tare da an kira jama'a su saya tukuna ba, kamar Transcorp Power, reshen Transcorp, a Maris na 2024, da hannun jari biliyan 7.5 a kan naira 240.

Bambancin yana da muhimmanci ga sayuwa. Idan reshen ya shiga kasuwa, uwar ta samu kishiya a kan allo: wanda da yake sayen uwar don kawai ya samu rabo a reshen, yanzu zai tafi kai tsaye. Idan kuwa mutum ɗaya aka sayar wa kuma reshen ba ya kasuwa, babu kishiya, sai dai tambayar me za a yi da kuɗin.

Hattara: idan mai saye ya kai kashi 30 cikin 100 na reshen da ke kasuwa, ƙa'ida takan tilasta masa ya yi wa sauran masu jarin reshen tayi. Wannan tayin na masu riƙe da reshen ne. Kai mai riƙe da uwar ba ka ciki, don haka kada ka sayi uwar da tunanin za a zo a saye naka.

3. Duba ko iko ya tafi ko yana nan

Nan ne rahoton kuɗi ke ruɗa mutane. A ce uwar tana da kashi 80 na reshe, ta sayar da 20, ta rage da 60. Har yanzu ita ke da iko, saboda haka rahoton rukunin zai ci gaba da nuna dukkan cinikin reshen kamar babu abin da ya faru. Abin da zai canza yana can ƙasa, a layin ribar da ta hau kan masu jarin uwar. Idan reshen yana cin ribar naira biliyan 10 a shekara, rabon uwar ya sauko daga biliyan 8 zuwa biliyan 6. Ribar sayarwar kanta ba ta fitowa a lissafin riba da asara na rukuni matuƙar ikon bai tafi ba, ana saka ta ne a ɓangaren jarin masu kamfani. Za ka fi ganinta a ginshiƙin kamfanin uwar shi kaɗai, domin rahotannin kamfanoninmu ginshiƙi biyu suke zuwa da shi, na rukuni da na kamfani.

Idan kuma ta sauko zuwa kashi 30 misali, ikon ya fita daga hannunta, cinikin reshen zai ɓace daga rahoton gaba ɗaya, sannan wata ƙatuwar riba ta lokaci ɗaya ta bayyana. Wannan ribar ce ke jawo rububi. Mutane su ga ribar kamfani ta ninka, su yi ta saye, kasuwa ta cika. Shekara na zagayowa ribar ta koma ƙasa da inda take a da, masu sayen su watse. Kallon kitse ne ake yi wa rogo.

Idan abin da za a sayar ya kai rabin darajar kadarorin kamfanin, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce sai an kawo maganar gaban masu hannun jari. Kana da ƙuri'a, kuma takardar kiran taron takan ƙunshi bayanin da sanarwar farko ba ta kawo ba. Karanta ta.

4. Ɗauki awon kafin sanarwa

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi mutane suka fi ƙyuyar yi. Kana bukatar sanin yadda hajar uwar take tafiya a ranakun da babu labari.

Koma baya kwanakin ciniki 60, wato kusan wata uku. Amma kada ka fara ƙirga daga ranar sanarwa. Tsallake mako biyu na ƙarshe kafin ta, domin labari kan fita tun kafin a sanar, cinikin makonnin nan ba na yau da kullum ba ne. A kowace rana rubuta abu huɗu daga jerin farashin NGX: farashin rufewa, yawan hannun jarin da aka sayar, darajarsu a naira, da yawan cinikin da aka ƙulla.

Daga nan jera darajar naira ta kwana 60 ɗin daga ƙarama zuwa babba, ka ɗauki ta tsakiya. Kada ka tara ka raba da 60. Ga dalili: a ce kwana 59 ana cinikin naira miliyan 20 kullum, rana ɗaya wasu manyan masu jari biyu suka yi musayar naira biliyan 3 tsakaninsu ta hannun dillali. Idan ka tara ka raba, za ka samu kusan miliyan 70 a rana. Ƙarya ce. Ranar da za ka je sayarwa miliyan 20 za ka tarar, ba kuma kai kaɗai ne mai sayarwa ba. Lambar tsakiya ba ta ruɗuwa da irin wannan rana ɗaya.

Yawan cinikin da aka ƙulla shi ke nuna ko jama'a ne a kasuwar ko mutum biyu. Miliyan 50 a ciniki 300 kasuwa ce mai rai. Miliyan 50 a ciniki 4 ba kasuwa ba ce. Sannan ƙirga kwanakin da farashi bai motsa ko kwabo ba. A ƙa'idar da NGX ta kafa a 2019, sai ciniki ya kai hannun jari 100,000 kafin ya motsa farashin da ake bugawa. Saboda haka haja tana iya yin mako uku tana nuna naira 50 a allo alhali ƙananan cinikin da ake yi a ƙasa da haka suke tafiya. Farashin da ya daskare ba alamar ƙarfi ba ce, sau da yawa alamar kwantai ce.

Hattara: kwatanta da naira, kada ka kwatanta da yawan hannun jari kawai. A 2024 Transcorp ta haɗe kowane hannun jari huɗu ya zama ɗaya. Wanda ya kwatanta adadin kafin haɗewar da na bayanta zai ɗauka ciniki ya faɗi warwas, alhali ma'auni ne ya canza.

5. Auna tazarar tayi da sallama

A allon dillali akwai layi biyu: masu tayi a gefe guda, masu kaya da farashin da za su sallama a ɗaya gefen. Tazarar da ke tsakanin tayi mafi tsada da sallama mafi araha kuɗi ne da kake biya ba tare da an rubuta maka shi a rasit ba.

A ce tayi naira 48.50 ne, sallama naira 50. Tazarar naira 1.50, tsakiyarsu 49.25. Raba 1.50 da 49.25, ka samu kashi 3 cikin 100. Ma'ana, in ka saya yanzu ka juya ka sayar nan take, kashi 3 ya tafi tun kafin dillali ya cire la'adarsa. Hajar da ke tafiya sosai tazararta takan tsaya ƙasa da kashi 1. Duba wannan sau biyu a rana, da hantsi da kuma dab da rufewa, har kwana biyar, domin kallo ɗaya ba ya isa.

Kada ka tsaya a layin farko. Dubi adadin da ke bayan kowane tayi. Tayin naira 48.50 na iya zama na hannun jari 2,000 kacal, na biye da shi ya faɗo 46. Idan manhajar dillalinka layi ɗaya take nunawa, kira shi ka ce ya karanto maka layi biyar na farko da adadinsu. Haƙƙinka ne, la'ada kake biya.

6. Nemo kason da ke hannun jama'a

A rahoton kuɗi akwai shafin da ke jera masu kashi 5 cikin 100 zuwa sama da kuma kason daraktoci. Abin da ya rage shi ne wanda ke iya zuwa kasuwa. NGX tana son ya kai kashi 20 cikin 100, ko darajarsa ta kai naira biliyan 20 ga kamfanonin babban allo (Main Board), biliyan 40 ga na allon manya (Premium Board). Kamfanin da ya gaza ana lika masa alamar BLS kusa da sunansa, wato bai cika ƙa'idar zama a kasuwa ba. Yi wannan dubawar ga uwar da reshen duka biyun. Reshen da uwarsa ta saki ɗan kaɗan farashinsa kan yi tashin gwauron zabo saboda ƙarancin kaya, kuma wannan zai shafi lissafin mataki na 8.

7. Lissafa kwana nawa za ka yi kafin ka fita, da nawa za ka biya

Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada ka ɗauka za ka ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar na cinikin rana ba tare da ka ture farashi ba. A ce kana da hannun jari 500,000, cinikin tsakiya na rana kuma hannun jari 400,000 ne. Ɗaya bisa biyar ɗinsa 80,000. Raba 500,000 da 80,000, ka samu kwanakin ciniki shida da ɗoriya, wato ka haura mako guda. Idan lissafin ya ba ka kwana uku ko ƙasa, kana da sarari. Idan ya haura kwana goma, kayanka sun fi ƙarfin kasuwar, musamman in kuɗin na juyawa ne, irin wanda za a nema lokacin saro kayan sallah ko biyan kuɗin aikin hajji. Kuɗin da ke da ranar bukata ba ya zama a hajar da ba ta tafiya.

Sai kuɗin ciniki. La'adar dillali ba ta wuce kashi 1.35 cikin 100, wasu dillalan manhaja suna karɓar ƙasa da haka. A wajen saye ana ƙara kashi 0.3 na SEC. A wajen sayarwa akwai 0.3 na NGX da 0.3 na CSCS. Ga harajin hatimi da bai kai kashi 0.1 ba a kowane ɓangare, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kan la'adar da kuɗaɗen hidima. Wanda ya sayar da hajar naira miliyan 5 da cikakkiyar la'ada zai bar wajen naira 109,000. Shiga da fita gaba ɗaya kusan kashi 4 cikin 100 ne. Ɗora tazarar kashi 3 ta misalin baya, ka ga sai farashi ya hau kashi 7 kafin ka dawo da uwar kuɗinka. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya hana mutum tsalle daga uwa zuwa reshe da dawowa duk lokacin da aka yi sanarwa.

8. Fitar da darajar reshen daga cikin ta uwar

Idan reshen ya shiga kasuwa, ninka farashinsa da yawan hannun jarinsa, ka ɗauki kason uwar. A ce uwar tana da hannun jari biliyan 10 a kan naira 40, darajarta biliyan 400 ke nan. Reshen darajarsa biliyan 500, uwar na da kashi 60, wato biliyan 300. Saura biliyan 100 shi ne kuɗin da kasuwa ta yi wa dukkan sauran harkokin uwar, haɗe da kuɗin da ta karɓa, bayan an cire bashinta. Tambayi kanka ko sauran harkokin sun kai haka.

Wani lokaci lissafin kan fito da abin mamaki: kason uwar a reshe ya fi darajar uwar gaba ɗaya. A farashin naira 240 da Transcorp Power ya shiga da shi, darajarsa naira tiriliyan 1.8 ce, kason Transcorp na rabi da ɗan ɗori ya haura biliyan 900 a takarda, kuma darajar uwar a kasuwa a lokacin ba ta kai haka ba. A Amurka an ga wanda ya fi wannan. A Maris na 2000 kamfanin 3Com ya sayar da kusan kashi 5 cikin 100 na reshensa Palm, da alkawarin raba wa masu jarinsa sauran, kowane hannun jari ɗaya na 3Com zai samu kusan ɗaya da rabi na Palm. Ranar farko Palm ya rufe a kan dala 95, wato rabon kowane mai 3Com ya haura dala 140, amma 3Com kansa ya rufe ƙasa da dala 82.

Mai ganin wannan zai ce garaɓasa ta faɗi. A yi hankali. Farashin reshen na ɗan kason da ke yawo ne. Da uwar za ta kwaso nata duka ta zube a kasuwa, ba za ta samu wannan farashin ba. Kuma kai mai riƙe da uwar ba ka da hanyar cire kason reshen ka sayar, sai abin da daraktoci suka ga dama suka raba. Ragin nan, wato yadda darajar uwar ta gaza ta kasonta a reshe, na iya zama shekaru bai rufe ba. Yana iya rufewa ma ta hanyar faɗuwar reshen, uwar na nan inda take. Amfanin lissafin shi ne ka san inda masu saye za su karkata: idan ragin ya yi yawa, masu neman araha sukan dawo kan uwar, cinikinta ya ƙaru.

9. Bi sawun kuɗin

Abin da uwar ta yi da kuɗin shi ke yanke hukuncin sayuwarta nan da shekara guda. Biyan bashi yakan jawo masu jari na dogon zango, irin kamfanonin fansho, kuma su ne ke cika layin tayi. Sake sayen hannun jarinta daga kasuwa yana ɗaga farashi amma yana rage kayan da ke yawo. Ajiye kuɗin ba tare da bayani ba yakan kori mutane.

Rabon riba na musamman shi ne ya fi tarko. Ciniki kan yi zafi har zuwa ranar tantance masu cancanta, daga nan NGX ta zaftare adadin rabon daga farashi, waɗanda suka shigo don rabon kawai su nemi fita a lokaci ɗaya. Ga harajin kashi 10 cikin 100 da ake cirewa daga rabon tun kafin ya iso asusunka. In kana da niyyar fita, lissafa duka biyun: sayarwa cikin cunkoson kafin ranar, ko karɓar rabon ka sayar bayanta a kasuwar da ta yi sanyi.

Ga wanda ke kiyaye halascin jarinsa, akwai ƙarin dubawa. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ya ce bashi mai ruwa kada ya kai kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa, haka ma kuɗin da aka ajiye a inda ake biyan ruwa, sannan kuɗin shiga da bai halatta ba kada ya wuce kashi 5. Uwar da ta karɓi maƙudan kuɗi ta zuba su a takardun bashin gwamnati masu ruwa tana iya tsallake iyakar nan, ko da sana'arta halas ce. Wadda ta biya bashi da kuɗin kuma tana iya shigowa cikin iyaka. Wannan ya shafi sayuwa kai tsaye, domin ana sabunta jerin zaɓaɓɓun kamfanonin da NGX ke auna kasuwa da su, har da na Lotus Islamic mai kamfanonin da suka dace da Shari'a, sau biyu a shekara, a Janairu da Yuli, kuma asusun da ke bin jerin dole ya sayar da wanda aka cire.

10. Sake awo bayan ƙura ta lafa

Makon sanarwa da makon shigar reshe kasuwa ba a awo a cikinsu. Ciniki kan ninka, jaridu na ta magana, wani lokaci farashi ya hau kashi 10 cikin 100, iyakar abin da NGX ta yarda a rana, masu tayi su yi layi babu mai sallamawa. Wannan ba ya nuna yadda kasuwar za ta kasance. Bari a yi kwanakin ciniki 20 bayan an kammala sayarwar, sannan ka maimaita mataki na 4 da na 5 na tsawon kwana 30 aƙalla.

Jera sakamakon gefe da gefe. Idan darajar tsakiya ta hau ko ta tsaya, tazara ta matse, yawan ciniki ya ƙaru, to bayanin da reshen ke fitarwa da kansa ya sa mutane sun fi gane uwar, sun fi sakin jiki da ita. Idan darajar ta faɗi da kashi ɗaya cikin uku ko fiye, tazara ta buɗe, cinikin reshen kuma ya fi na uwar, to masu saye sun yi ƙaura. Koma mataki na 7 da sababbin lambobin. Don kada ka ɗora wa sayarwar laifin da ba nata ba, duba wasu kamfanoni biyu masu girman uwar a daidai wannan lokacin. In su ma cinikinsu ya ragu, kasuwar ce gaba ɗaya ta yi sanyi.

Duba kuma ko takardar tayin ta hana uwar ƙara sayarwa na wani lokaci, wata shida ne aka fi sawa. Rubuta ranar ƙarewarsa a kalanda, domin daga ranar sabon kaya na iya shigowa kasuwar reshen.

11. Bayar da oda

Kullum sa iyakar farashi. Odar da aka ce a sayar a duk yadda kasuwa ta kama tana cinye layin farko ta gangara na biyu da na uku, sai ka ga rasit da farashin da ba ka taɓa zata ba. Raba kayan gida-gida bisa adadin da mataki na 7 ya ba ka, kowace rana da nata. Kada ka jibge duka a allo lokaci guda, masu tayi suna gani, za su ja baya su jira ka sauko. Mai kaya masu yawan gaske ya ce wa dillali ya nemo mai saye ɗaya a daidaita farashi, ya fi a zube su a fili.

Kafin duk wannan, gyara takardunka. Gidaje da yawa a cikin birni da Fagge suna riƙe da tsofaffin takardun shaidar hannun jari na iyaye da kakanni. Takarda ba ta sayuwa sai an kai ta wajen magatakardan kamfanin, wato mai riƙe da rajistar masu jarinsa, ta hannun dillali, an tantance sa hannu, an shigar da ita CSCS, kuma wannan kan ɗauki makonni. Idan na gado ne, sai an haɗa da takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci. Sunan da ke kan hannun jarin dole ya yi daidai da na BVN. Wanda aka rubuta masa Muhammadu a wuri ɗaya, Mohammed a wani, Mamman a na uku, ya fara wannan gyaran tun yau, kada ya jira ranar da farashi ya hau. Mai ƙorafin da dillali ko magatakarda ya ƙi warwarewa yana iya kai shi ofishin shiyya na SEC da ke nan Kano.

Cika fom ɗin da ke sa kuɗin sayarwa ya shiga asusun bankinka kai tsaye daga CSCS. A ƙarshen Nuwamban 2025 an rage kwanakin kammala ciniki daga uku zuwa biyu na aiki. Asabar da Lahadi da ranakun hutun sallah ba sa cikin ƙirga, don haka idan ranar Litinin kake bukatar kuɗin, kason ƙarshe na kayanka ya kamata ya fita tun Laraba.